Wane suna za mu raɗa wa "monocoque" da Hausa?

1/ Jama'a masu bibiyar tseren Formula 1, ku matso. Motar da tayoyinta huɗu ke tsirara babu rufi, wannan ba gardama, "mai taya a waje" ta wadatar. Wadda ta tsaya mini a maƙogwaro ita ce monocoque, wato wani salon ginin jikin motar tsere. Kafin a raɗa suna sai an ga jaririn, don haka mu leƙa Lotus 25, motar tseren da ta kawo wannan salo Formula 1.

2/ Kafin 1962, ana haɗa shasin motar tsere ne da siraran bututun ƙarfe, a yi musu walda su zama keji, sannan a lulluɓe da bodi. Bodin sutura ce kawai, kejin ke ɗaukar nauyi. Colin Chapman, mai kamfanin Lotus a Ingila, ya watsar da kejin. Ya lanƙwasa fallayen alminiyam ya yi dogayen akwatuna biyu, hagu da dama, ya cusa buhunan roba na fetur a cikinsu, ya haɗe su da daɓe. Direba ya shiga tsakiya, kusan a kishingiɗe. Jikin motar shi ne ƙashinta, wannan shi ne monocoque.

3/ Amfanin? Mota ta rage nauyi, ta yi siriri, kuma ba ta murɗewa a kwana, sai tayoyi su riƙe kwalta da kyau. Ta fara fita a Zandvoort ta ƙasar Holan a 1962. Direban Lotus, Jim Clark, ya ci tserensa na farko da ita a Spa, Beljiyam. Da ba don yoyon baƙin mai a motar Clark a tseren ƙarshe a Afirka ta Kudu ba, da kambin shekarar bai tafi hannun abokin hamayyarsa Graham Hill ba. A 1963 kuwa Clark ya cinye 7 cikin tsere 10.

4/ To, sunan. Wani ɗan'uwa ya kawo "ɓawo guda", tunda ma'anar kalmar ke nan a Faransanci. Ban gamsu ba. Ɓawo abin ɓarewa ne a zubar, alhali nan shi ne motar gaba ɗaya. Wani ya ce "baho", don Turawan ma haka suke yi mata laƙabi. Ya dace da siffa, amma bai ce komai kan ƙarfi ba.

5/ Ni "ginin ƙwarya" na zaɓa. Ƙwarya ba ta da firam a ciki, fatarta ce ke riƙe ta da abin da aka zuba mata. Tsohon salon kuma "ginin keji". Gwada a jimla: "Lotus 25 ce ta kawo ginin ƙwarya Formula 1." Bakanike zai gane ba sai an ƙara bayani ba.

6/ Malam da ya ce ƙwarya tana fashewa, gaskiyarka, amma salon ginin muke nufi. A 1981 ƙungiyar tsere ta McLaren ta sauya alminiyam da zaren kabon, sunan bai buƙaci gyara ba. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuke jin kalmar a asalinta, ya ta zauna muku a kunne?