Sun ce Yayana ba zai shiga layin dashen ƙoda ba sai ya kawo mai jinya

Maman Ilham, Bronx:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, kuma ina so ku faɗa min gaskiya ko zafin abin ne ya rufe min ido.

Yayana shekararsa 54, direban tasi ne a nan New York tun kafin in zo ƙasar. Hawan jini ne ya cinye masa ƙoda. Yau shekara biyu da wata huɗu ke nan yana wankin ƙoda, Litinin da Laraba da Juma'a, awa huɗu-huɗu. Kafin gari ya waye yana kan kujera, don ya samu ya fita aiki da yamma. In kun ga hannunsa na hagu, jijiyar da ake soka wa allura ta kumbura kamar igiyar guga. Ruwan da aka yarda ya sha a yini bai wuce kwalba ɗaya ba, in ƙishi ya dame shi sai dai ya tsotsi ƙanƙara.

Bara aka tura shi wani asibitin dashe a duba ko za a sa shi a layi. An duba zuciya, an duba haƙori, an ɗebi jini har sai da na kawar da kai. Duk ya haye. Ba ya shan taba, ba ya shan giya, bai taɓa tsallake ranar wanki ba. Sai muka shiga wurin wata mata mai duba yanayin zaman mara lafiya, ta tambaye shi wa zai zauna da shi dare da rana a makonnin farko bayan aiki, wa kuma zai riƙa kai shi asibiti. Yaya ya ce yana da 'yan'uwa a masallaci. Ta ce suna ɗaya take so, na wanda zai sa hannu.

Matarsa tana Kumasi, sau biyu ana hana ta biza. Ɗakin da yake kwana su uku ne, duk direbobi. Ni kuwa aikina kula da tsofaffi a gidajensu, da dare, ga yara uku. Na ce ni zan tsaya masa. Da ta ji lokutan aikina sai ta yi shiru tana rubutu. Bayan mako biyu takarda ta zo: an jingine maganarsa har sai ya samu mai jinya.

Tsohuwar wasu nake juyawa kowane dare, amma ba a ƙirga ni mai jinyar ɗan'uwana ba. Rashin mata a kusa laifi ne? Jikinsa ya cancanta, su da kansu suka faɗa. To da wane ma'auni aka auna shi?

'Yar Zariya, Maryland:

Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba Yaya lafiya. Ni nas ce a ɗakin wankin ƙoda, kuma na sha ganin irin takardar nan.

Ƙofa biyu ce, mutane da yawa ba su sani ba. Wanda ya riga ya shiga layi, dokar ƙasa baki ɗaya ce ke bin kansa, ta hukumar OPTN mai tsara rabon sassan jiki don dashe: rukunin jini, dacewar jiki da ƙodar, tsawon jira, nisa daga inda aka samu ƙodar. Yara suna gaba, haka ma wanda ya taɓa ba da tasa ƙodar. Amma wa zai shiga layin tun farko, wannan kwamitin kowane asibiti ne ke yankewa, kuma sharuɗɗansu ba ɗaya ba ne. Don haka ku nemi wani asibitin ya sake duba shi, doka ta ba shi dama.

Maganar mai jinya ba don wulaƙanci aka sa ta ba. Bayan dashe mutum yana shan magunguna da yawa a kan lokaci don kada jiki ya ƙi ƙodar, ba ya iya tuƙi, zazzaɓi kaɗan sai an ruga asibiti. Sai dai wasu wuraren suna karɓar mutum biyu ko uku su yi karɓa-karɓa.

Abu ɗaya da zai sanyaya miki zuciya: tun Disamba 2014 lissafin jira yana farawa ne daga ranar da aka fara wa mutum wanki. Duk ranar da aka sa shi, shekara biyu da wata huɗun nan suna nan a ajiye.

Alhaji na Harlem:

'Yata, ba zafi ne ya rufe miki ido ba. Ma'aunin asibiti ma yana karkata, ni a jikina na gani.

Akwai awon ƙarfin ƙoda da ake kira eGFR. Sai ya sauko 20 ko ƙasa ake fara ƙirga wa wanda bai fara wanki ba lokacin jira. Shekara da shekaru, in baƙar fata ne kai, sai a ƙara wa sakamakonka kusan kashi 16 cikin ɗari, wai mu mun fi tsoka. Wanda nasa 18 ne sai takarda ta nuna 21. Ƙodarsa na mutuwa, takarda na cewa da saura. Haka aka yi ta maida ni gida in dawo bayan wata shida.

A 2022 aka hana amfani da launin fata a lissafin nan, a 2023 kuma aka tilasta wa asibitoci su koma tsofaffin takardu su maida wa mutane lokacinsu. Sama da mutum 14,000 aka gyara wa. Ni wata goma sha tara aka maido min, kuma yau da ƙodar wani bawan Allah nake rubuta miki wannan. Waɗanda suka rasu kafin gyaran, ba wanda ya maida musu komai.

Baban Khalifa:

Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Matata shekara shida tana layi. Kusan mutum dubu casa'in ne ke jiran ƙoda a Amurka. Kowace ƙoda amana ce daga iyalan da suka yi rashi. In aka dasa wa wanda zai koma ɗaki shi kaɗai, ya ruɗe da magani ta lalace, an yi asara biyu: shi ya koma wanki, wanda ke bayansa ya rasa. Kwamitin nan ba Yaya kaɗai suke kallo ba.

Ɗan Fagge:

Mu a Kano tun 2002 ake dashe a asibitin Malam Aminu Kano, amma babu wani layin ƙodar mamata. Kai za ka kawo ɗan'uwanka mai bayarwa, kai za ka nemo miliyoyin. Kada ku bari ƙofar nan ta rufe muku, ku ci gaba da ƙwanƙwasawa.

Maman Ilham, Bronx:

Na gode muku duka. Baban Khalifa, Allah ya kawo wa Hajiya tata da gaggawa, ban ji haushin maganarka ba. Ni ma ba na so a ɓata ƙodar kowa. Abin da ke ci min rai shi ne mai kuɗi zai ɗauki nas ya biya ta, shi ke nan ya cika sharaɗi. Marigayi Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple a lokacin, yana zaune a California amma can a Memphis, jihar Tennessee, aka dasa masa hanta a 2009, don yana da halin zuwa duk inda layi ya fi gajarta. Yaya kuwa ba a tambaye shi ko zai riƙe amana ba, shekara biyu na wanki ba fashi sun isa shaida. An tambaye shi ne wa yake da shi.

Jiya bayan Isha'i na sa mijina ya yi wa liman magana. Mutum biyar suka ba da suna, biyu daga cikinsu abokan ɗakinsa ne, sun ce za su raba dare tsakaninsu. Ni zan ɗauki hutun wata ɗaya ko da ba albashi. Na zana jadawalin a bayan takardar makarantar Ilham, kowa da ranarsa da lambar wayarsa.

'Yar Zariya, in mun je sabon asibitin, duka biyar ɗin za mu tafi da su, ko jadawalin kawai ya isa a zuwan farko?