Kabewata na zubar da 'ya'ya, seleri kuma yana baƙi daga ciki

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min. Na shuka kabewa da seleri (wani kayan lambu da ake cin karansa da ganyensa) a rumfar leda guda ɗaya. Kabewar ta yi yaɗo, ganye shar, furanni kamar me, amma 'yar ta kai girman ƙwai sai ta yi rawaya ta faɗi. Jiya da safe guda 7 na tsinta a ƙasa, raina ya ɓaci ƙwarai. Selerin kuma sabbin ganyen tsakiyarsa suna yin baƙi suna ruɓewa. Ga wata matsalar: 'yan kabewar da na girbe a baya na jera su a ƙasan siminti, wata guda bai cika ba suka lalace. Ina nake kuskure?

Baba mai lambu: Wa alaikumus salam ɗana. Kabewarka lafiyarta ƙalau, barbara ce ba ta samu ba. Furenta iri biyu ne. Duba ƙarƙashin furen: mai ɗan ƙullutu kamar ƙaramar kabewa shi ne mace, mai siririn kara kuma namiji. A fili ƙudan zuma ne ke kai garin namiji ga macen, kai kuwa ka rufe su a waje da leda. To aikin ya dawo kanka. Ka shiga da sassafe, furen na buɗewa, ka tsinke namiji, ka cire fatun furen, ka goga tsinkensa mai garin rawaya a tsakiyar macen a hankali. Namiji ɗaya zai ishi mata biyu ko uku. Kada ka bari rana ta take, kafin azahar furen ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. Bayan kwana uku ko huɗu za ka ga ƙullutun ya fara kumbura. Ka kuma riƙa ɗage ledar gefe, domin zafi idan ya haura digiri 35 a ma'aunin Celsius garin furen kan mutu.

Hajiya mai seleri: Ƙanina, ni selerin ne ya fi damuna, ka haɗa shi ɗaki ɗaya da mai son zafi. Shi tsakanin digiri 15 zuwa 21 yake jin daɗi. Baƙin nan rashin sinadarin kalsiyam ne a sabon ganye, kuma sau da yawa akwai shi a ƙasar, ban ruwa ne ba ya tafiya daidai: yau jagab, gobe ƙamas. Saiwarsa a sama-sama take, ba ta jure ƙishi. Ka mayar da shi ɓangaren da ya fi sanyi, ka yi masa inuwa, ka rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa, ruwa kaɗan-kaɗan kullum. Wanda zuciyarsa ta riga ta ruɓe ka tumɓuke shi.

Wani ɗan uwa: Batun ajiya, simintin ne ya cuce ka, yana tara laima a ƙarƙashinta. Kada ka girbe sai farcenka ya kasa huda ɓawon. Ka yanke ta da karanta kamar santimita 5, kuma kar ka ɗauke ta da shi. Ka bar ta kwana 10 a wuri mai ɗumi, kamar digiri 27 zuwa 29, ɓawon ya yi tauri, ƙujewar jikinta ta warke. Rumfar taka ma za ta yi wannan aikin. Sannan ka jera ta a kan katako, kada su taɓa juna, a digiri 10 zuwa 15. Ƙasa da 10 sanyi na lalata ta. Seleri kuwa akasin haka: firiji, kusa da digiri 0, a naɗe don kada ya yi yaushi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Baba, yanzu na fito daga rumfar, na ƙirga mata 4 da za su buɗe gobe. Ga yatsuna duk garin rawaya tun da na gwada da na yau.