Description: siffantawa za mu ce ko zayyana?

1/ Malamai ƴan'uwa, ku kama mini. Ina koyar da rubutu a wani kwalej nan Damagaram, kuma kalmar Faransanci description, watau faɗin yadda abu yake a rubuce, ta tsaya mini a rai. Récit ba gardama, labari ne. Ita wannan fa?

2/ Ga mafari. Na sa yara su yi description a kan kasuwar Dole. Kaye bayan kaye, magana ɗaya: kasuwa babba ce, akwai mutane, akwai kaya. Washegari na juya aikin: inna ta aike ka sayen tattasai, kuɗin sun faɗi, nemo su. Sai kasuwa ta farka a takarda. Ƙaurin busasshen kifi, sawun amalanke, ɓawon rake, ƙafar ɗan kabu-kabu a ƙasa yana jiran fasinja. Mai neman kuɗinsa ƙasa yake duba, don haka abin ƙasa ya rubuta. Labarin ne ya zaɓa masa abin kallo.

3/ Wani mushe, watau malami, ya ce mu kira ta bayani. A'a, Malam. Bayani amsar "don me" ce, explication ke nan. Kwatance kuwa na mai neman hanyar Zongo ne.

4/ Siffantawa ta fi kusa, amma ina tsoronta. A nahawu mun riga mun koya musu siffa, sai yaro ya ɗauka aikin shi ne jera babba, kyakkyawa, dogo. Ciwon da nake magani ke nan.

5/ Ni zayyana na zaɓa. Muna cewa ya zayyana abin da ya faru, watau ya faɗe shi daki-daki. Muna kuma kiran adon da magini ya yi wa fuskar soro a Birni zayyana. Ga bin daki-daki, ga ado, kalma ɗaya. Siffantawa mu bar wa portrait, inda ake faɗin kamannin mutum.

6/ Abin da gaggawa. A nan Zinder aka buɗe lakwal ta farko ta gwajin koyarwa da Hausa a 1973, kuma a 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa. Kalmomin aji ba za su jira mu ba.

7/ Litinin zan rubuta zayyana a tabulo. Iyayenmu na Birni, in kuna da wadda ta fi ta, ku faɗa mini kafin nan.