Wai Yahudawan Amurka suna jin haushi ne in an ce musu Merry Christmas?

Ɗan Zango: Salam 'yan uwa. Ina aiki a wani kantin magani a Brooklyn da ke birnin New York, kwastomominmu da yawa Yahudawa ne, manaja ya ce har Janairu Happy Holidays kawai za mu riƙa cewa kowa. To jiya na gaishe da wata dattijuwa haka sai ta ce min ita manyan bukukuwanta sun wuce tun Oktoba. Wlh ban gane ba, ba Hanukka ce Kirsimetinsu ba?

Malam Na Bronx: Wa alaikassalam ɗan uwa, a'a sam ba ita bace. Hanukka ƙaramin biki ne a wajensu, kwana 8 ana kunna kyandir kowane dare ana ƙara ɗaya, tunawa da yadda wasu mayaƙan Yahudawa da ake kira Makabiyawa suka ƙwato Haikalin Kudus daga hannun sarki Antiyokus na Girkawa suka tsarkake shi a shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ko aiki ba a hana su zuwa. Manyan sune Rosh Hashana (sabuwar shekararsu) da Yom Kippur (ranar azumi da neman gafara) wajen Satumba ko Oktoba, sai Fesak (tunawa da fitowarsu daga Masar) wajen Afrilu. Kalandarsu ma ba ta bin Disamba, a 2013 tun ƙarshen Nuwamba Hanukka ta kama. Kamar a ɗauko ranar Ashura ne a ce ita ce babbar sallarmu don kawai ta faɗo kusa da bikin wasu.

Hajiya Ummi: Ni gaskiya ina bayan manajan naku. Su fa kusan kashi 2 cikin 100 ne na mutanen Amurka, yaro ya tashi makaranta waƙar Kirsimeti, kasuwa Kirsimeti, talabijin Kirsimeti, 25 ga Disamba hutun gwamnati ne tun 1870, to in an samu gaisuwar da ba ta ɗauka kowa Kirista bane ai an kyauta masa. Da yawansu suna jin daɗinta.

Malam Na Bronx: Haka ne Hajiya, amma masu riƙo da addini a cikinsu wani abu ne ke damunsu, wato a wanke bukukuwan duka a cire musu addini a mai da su lokacin sayayya da ado kawai. Dubi shari'ar Pittsburgh ta 1989, Kotun Ƙoli ta hana ajiye siffar haihuwar Annabi Isa a cikin ginin kotu amma ta bar babbar fitilar Hanukka a ƙofar ginin gwamnati don tana gefen bishiyar Kirsimeti, wai ta zama adon lokacin sanyi. Alhali asalin bikin nan mutane ne suka yi yaƙi don kada a narkar da addininsu cikin al'adar Girkawa, dole abin ya sosa musu rai. Irin waɗannan sun fi son Kirista ya yi Kirsimetinsa da sunanta, su ma a bar musu nasu yadda yake.

Ɗan Zango: To ni yanzu me zan ce mata in ta dawo?

Malam Na Bronx: Bi dokar wajen aikinka, ba zagi bane. Amma in kyandir ɗin sun fara bayyana a tagogin unguwa ka ce mata Happy Hanukka, in Satumba ta zo kuma kar ka manta da Shana Tova, gaisuwar sabuwar shekararsu, wannan ita ce za ta fi faranta mata.