Neman kalma: yaya za a faɗi Faransancin nan "jeu aux soupapes" da Hausa?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum jama'a. Gobe da dare ina da shiri a kan kula da tsofaffin motoci, na maƙale a "réglage du jeu aux soupapes". Masu saurarona direbobin Dakoro da Madarunfa ne, ba 'yan boko ba. Ku agaza kafin la'asar.

Makanike: Mu a gareji regilajin sufaf muke cewa, ko yaron da ya zo jiya ya gane. Sufaf ita ce 'yar marfin da ke buɗe wa mai ya shiga inji, hayaƙi ya fita.

Mai shirin rediyo: Maigida, sufaf na yarda. "Jeu" ɗin fa? In na bi shi kai tsaye wasa zai fito.

Makanike: Wasa ina! 'Yar rata ce tsakanin kan sufaf da abin da ke danna ta. Ƙarfe in ya ji zafi miƙewa yake, dole a bar mishi wuri. A Peugeot 504, inji a sanyaye, 0,10 mm ga ta shigar mai, 0,25 ga ta fitar hayaƙi. Ka zura siririn ƙarfen awo, ya wuce da ɗan tauri, ka ɗaure. In ratar ta yi yawa za ka ji kyat-kyat-kyat kamar keken ɗinki. In ta matse kuwa shiru kake ji, sufaf ba ta rufewa ruf, har ta ƙone a sauke kan inji. Wannan ka fi faɗa musu, don direba in bai ji ƙara ba cewa yake lafiya lau. Ban da masu idirolik, wato masu aiki da matsin man inji, su da kansu suke daidaituwa.

Malamin Hausa: Ni dai na ce wushirya. Sufaf kuma ƙyaure ce, tana buɗewa tana rufewa. Daidaita wushiryar ƙyauren inji. Ba aro ko ɗaya.

Direban Dakoro: Malam, "inji" kakanka ne ya raɗa?

Malamin Hausa: Wannan ya daɗe, ya zama ɗan gida.

Ɗan Jibiya: Ku bar wahala, bawul ne. Setin tafet. Duk kayan gyaranku ba ta Katsina suke shigowa ba?

Direban Dakoro: To shi ke nan, mun fara. Ku ku ce fulogi, mu mu ce buji, amma namu ne kullum ba Hausa ba?

Malamin Hausa: Ku duka bayin aro ne. Wushirya fa halitta ce tsakanin abu biyu masu tauri, ku duba hikimar.

Makanike: Malam, da girmanka, in na ce wa mutum wushiryar motarsa ta matse, madubi zai nema. Kuma wushirya ba a matse ta da sifana.

Mai shirin rediyo: La'asar ta yi. Na ɗauki "daidaita ratar sufaf". Zan ambaci bawul sau ɗaya saboda masu jinmu a tsallaken iyaka.

Ɗan Jibiya: Sau ɗaya kacal?

Malamin Hausa: Rata na yafe, Hausa ce. Sufaf ɗin ce ban sa hannu ba. Wane ƙarfe ake buɗe layin waya?