Babur ɗin ruwa ya tsage a Jabi: wa zai gyara, kuma da me?

Nura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara. Wata uku ke nan da na sayi tsohon babur ɗin ruwa, irin wanda ake tuƙawa a tsaye, Kawasaki JS550. Ranar Asabar a tafkin Jabi na zo fitowa, hancinsa ya daki dutse a gaɓa, ƙasan ya tsage kamar tsawon taƙi ɗaya. Na kai wa wani fanalbita a Apo, ya shafa faiba (zaren gilashi da ake jiƙawa da gam) da fila (kwaɓin cike lotsawar mota), ya fesa fenti, ya yi kyau kamar sabo. Jiya na mai da shi ruwa, ko minti ashirin ban yi ba facin ya ɓalle gaba ɗaya kamar ɓawon rogo. Wa ya san mai gyara na gaske a Abuja?

Alhaji Sabo: Wa alaikumussalam. Allah Ya tsare gaba, kai dai ba ka ji ciwo ba ko?

Nura: Lafiya lau Alhaji, da rigar kariya a jikina. Aljihu ne kawai ya ji jiki.

Injiniya Bashir: Nura, ɗauko facin da ya ɓalle ka juya bayansa. Sumul yake yana ƙyalli, ko akwai zaren jirgin da ya biyo shi?

Nura: Sumul yake Injiniya, kamar an zare shi daga cikin faranti.

Injiniya Bashir: To na gane. Ba mugunta fanalbitan ya yi maka ba, abin da ya saba da shi ya yi. Jikin JS550 ba irin faibar da ake shimfiɗawa da hannu ba ne kamar ta kwalekwale ko tankin ruwa. SMC ake ce masa: gajerun zaruruwan gilashi ne da aka kwaɓa da rezin, wato ruwan gam ɗin da ke daskarewa ya riƙe zaren, aka matse a cikin zubi mai zafi. A cikin kwaɓin akwai sinadarin da ke hana shi manne wa zubin, kuma wannan sinadari yana cikin naman jikin ko'ina, ba a sama kaɗai ba. Shi ya sa rezin foliyesta, wanda masu gyaran mota ke amfani da shi, ba ya kama shi da kyau. Zai bushe, zai yi tauri, ka ɗauka ya zauna, amma da jirgin ya fara dukan ruwa sai ya saki. Efoksi za ka nema, wani irin rezin ne daban da ya fi foliyesta kamawa. Idan kana son tabbatarwa, leƙa ta ɗakin inji: SMC sumul yake ciki da waje, faibar hannu kuwa cikinta kaushi ne, kana ganin saƙar da idonka.

Sani Kado: Injiniya, ni fa shekara da shekaru ina facin kwalekwalen faiba da foliyesta, ba wanda ya taɓa dawo min da aiki.

Injiniya Bashir: Gaskiyarka Malam Sani, domin kwalekwalen da foliyesta aka yi shi tun asali, jini ɗaya ne. Kuma kwalekwale tafiyar hawainiya yake yi. Wannan kuwa tsalle yake yana faɗowa da nauyin mutum a kansa.

Sani Kado: Na karɓa. Amma Nura, ko da me za ka yi, filar mota kada ta sake kusantar ƙasan jirgin nan. Tana shan ruwa, ta kumbura, ta tashi da fentin.

Hajiya Rabi: Maigidana yana da Yamaha SuperJet, mun sha wannan wahalar. Kafin ka sayi komai, ka fara sanin iyakar ɓarnar. Ɗauki kuɗin ƙarfe ko bayan cokali ka bi gefen tsagar kana ƙwanƙwasawa. Inda yake da lafiya za ka ji ƙara tsaf-tsaf, inda ya rabu ta ciki za ka ji ta a dushe kamar kana buga kwali. Zagaye wurin da alƙalamin maka. Namu tsagar da ido ke gani ba ta kai rabin wurin da ya lalace ba. Sannan ka ɗaga hancin ka ji nauyinsa. Ƙarƙashin inda ake tsayawa soso ne aka cika, idan ruwa ya shige shi ba ya fita da kansa, ko ka shanya jirgin wata guda a rana. Sai da aka yanke wurin aka ƙwaƙule soson, yana ɗiga kamar burodin da aka tsoma a shayi, aka zuba sabo irin mai ruwa biyu da ake haɗawa ya kumbura.

Nura: Hajiya kin tsorata ni. Na lura kuwa bayan ya fi da nauyi.

Injiniya Bashir: Ba abin tsoro ba ne, aiki ne na haƙuri. Ga yadda zan yi da nawa ne. Tankin mai da batir su fara fita, a bar ɗakin inji a buɗe ya sha iska, domin giranda da tururin fetur ba sa zama ɗaki ɗaya. A wanke ciki da sabulu mai yanke maiƙo, a maimaita. Injin nan mai shan baƙin mai haɗe da fetur ne, shekara da shekaru yana zubar da maiƙo a ƙasan, kuma maiƙo shi ne babban abokin gabar faci. Mutane da yawa sukan fara gogewa da samfefa kafin wanki, sai su tura maiƙon cikin ƙofofin jikin da hannunsu. Wanki tukuna, sai asiton, ruwan sinadarin da ke cire maiƙo, sannan guga.

A kowane ƙarshen tsagar a huda ɗan ƙaramin rami don kada ta ci gaba da tafiya. Sai a fafe gefenta a kwance, ba a tsaye ba. Ƙa'idar masu gyaran jiragen ruwa ita ce 12 bisa 1: idan kaurin jikin milimita 5 ne, fafewar ta kai milimita 60 ta kowane gefe. Samfefa mai kaushi, lamba 36 zuwa 80, kada ka yi masa sumul, kaushin ne efoksi ke riƙewa. Wanda ya yi maka na farko na tabbata bai fafe ba, a kan fenti ya ɗora.

Musa Gwarimpa: Wane ƙyalle zai saya? Wanda na gani a wajen masu kayan gini a Deidei irin mai kama da tabarmar gashi ne.

Injiniya Bashir: Wannan shi ne yankakken zare, kuma ga inda ake faɗawa rami. Abin da ya riƙe zaren nan sinadarin sitayirin na cikin foliyesta ne ke narkar da shi har ƙyallen ya yi laushi ya kwanta. Efoksi ba shi da sitayirin, sai ka ga ƙyallen ya ƙi lanƙwasa a kwana, iska ta maƙale a ƙarƙashi. Nemi saƙaƙƙen ƙyalle, ko mai lamba 1708, wanda zarensa ya gicciye a kusurwar digiri 45 kuma ɗinke shi aka yi da zare. Shi ne ya fi dacewa da ƙarfafa ciki.

Hajiya Rabi: Mu daga Legas aka aiko mana da efoksin da ƙyallen, ta hannun masu sayar wa maƙera jiragen ruwa. Ka ce musu na shimfiɗa faiba kake so, mai ruwa-ruwa. Kada a haɗa ka da ɗan gam ɗin nan mai bututu biyu da ke kamawa cikin minti 5, ko wanda ake zubawa a kan tebur don ado.

Sani Kado: Wajen jera ƙyallen, ni ƙarami nake fara sakawa a cikin ramin, in bi da babba, na ƙarshe ya rufe duka.

Injiniya Bashir: Ni kuma babba nake fara shimfiɗawa. Dalilina, shi ne zai kwanta a kan fafewar gaba ɗaya, kuma idan ka zo goge tudun daga baya, gefen ƙananan kake ci, ba ka yanke dogon zaren da ke riƙe da aikin ba. Littafin gyara na West System, kamfanin da ke yin efoksi, ma haka ya koyar.

Sani Kado: Kowa da kiwon da ya karɓe shi, Injiniya. Nawa dai ba su ɓalle ba.

Alhaji Sabo: Ku bar wannan gardamar, ku gaya wa yaron nan maganar zafi. Watan Maris muke ciki. Ni na taɓa kwaɓa rabin gwangwanin efoksi da azahar, na juya in yanka ƙyalle, kafin in waiwayo kofin robar ya yi zafi yana hayaƙi, ya narke ya lanƙwashe, burushin ya tsaya a ciki ƙyam. Har yau yana nan a gareji, jikokina suna wasa da shi.

Injiniya Bashir: Allah Ya ja kwana Alhaji, wannan ita ce maganar. Efoksi da kansa yake haifar da zafi idan ya taru wuri ɗaya, zafin kuma yana ƙara masa sauri. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, ka juye a faranti mai faɗi, ka yi aikin bayan sallar asuba, a inuwa. Ka nemi hadna mai jinkiri, wato ruwan da ake haɗawa da rezin don ya daskare. Kuma ka kiyaye: foliyesta ne ake rage wa ko ƙara wa hadna, tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, gwargwadon yanayi. Efoksi ba a yi masa haka. Idan gwangwani ya ce rezin 5 bisa hadna 1, to 5 bisa 1 ne, da sirinji ko sikeli. Ka ƙara hadna don ya yi sauri, sai ya ƙi bushewa, ya zauna kamar cingam.

Musa Gwarimpa: Tunda an buɗe shi, me zai hana ya shimfiɗa faiba ko'ina ya huta? Ko ma ya sa ƙyallen zaren kabon.

Hajiya Rabi: A'a Musa. Abin nan ƙarami ne, da jikinka kake juya shi, duk nauyin da ka ƙara sai ka ji shi a kwana. Inda ke shan wahala sanannu ne: hanci, gindin sandar tuƙi inda take haɗe da jiki, layin da aka haɗa sama da ƙasa, da kewayen famfon da ke tura ruwa. Shimfiɗa biyu ta ciki a waɗannan wuraren ta isa. Kuma rezin da ya yi yawa ba ƙarfi ba ne, nauyi ne kawai. Ƙyallen ya jiƙe har farinsa ya ɓace, sai a matse sauran da faffaɗar robar shafawa, a kori kumfar iska.

Injiniya Bashir: Kabon kuma a bar shi. Ga tsada, ga shi idan ya taɓa alminiyam cikin danshi yana sa shi ya ci, kuma famfon nan alminiyam ne. Bayan ya bushe, Nura, wanke wurin da ruwa zalla kafin ka goge, domin efoksi yakan fitar da wani maiƙo-maiƙo a sama wanda ke hana fenti kamawa. Kada ka bar shi tsirara, rana tana lalata shi, a rufe da fenti mai hadna. Takunkumi na gaske da riga mai dogon hannu lokacin guga, in ba haka ba kwana uku za ka yi kana susa.

Nura: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni sunan mai gyara.

Sani Kado: Kawo shi wajena ranar Lahadi. Giranda da hannu nawa, efoksi da ƙyalle naka, Injiniya ya zo ya tsaya a kanmu da sikelinsa. Kafin mu mai da inji za mu ɗora shi a kan benci mu zuba ruwa a ciki, mu ga ko zai ɗiga ta ƙasa.

Injiniya Bashir: Zan zo in sha Allah, amma babban ƙyalle ne zai fara shiga.

Nura: Na ƙwanƙwasa da cokali yanzu kamar yadda Hajiya ta ce. Dushewar ta wuce tsagar da kusan taƙi guda ta hagu. Yadi nawa zan ce a aiko daga Legas?