Yaya zan tsara darasi guda ga ɗaliban da fahimtarsu ta bambanta?

Malamar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da karatu a aji huɗu na firamare, kuma tazarar da ke tsakanin yaran tana damuna matuƙa. Akwai mai karanta labari tiryan-tiryan, akwai kuma wanda har yanzu yake rikita harafin b da d. Idan na bi manhaja sai na baya su ɓace mini, idan na tsaya jiransu kuma masu hazaƙa su koma surutu. Shin wajibi ne in riƙa rubuta tsarin darasi uku kullum?

Tsohon Malami:
Wa'alaikumus salam Malama. Ba wajibi ba ne, kuma wanda ya ɗauki wannan hanya ba zai kai ƙarshen zango da ƙarfinsa ba. Ki fara da gano matakin kowane yaro. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da wata dabara mai sauƙi, inda malami yake kiran yaro shi kaɗai, ya miƙa masa takarda mai haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi da labari, ya saurara har inda ya tsaya, sannan a raba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ba. Daga nan manufar darasi ta zama ɗaya, labarin ma ɗaya: wasu su nemo kalmomin da suka fara da b a cikinsa, wasu su karanta jimloli biyu tare da ke, na gaba kuma su rubuta masa wani ƙarshe dabam.

Mai Horar da Malamai:
Na yarda da Malam, amma ina jan hankali kan rukunin. Idan yaro ya shekara a rukunin na baya, zai gane matsayin da aka ba shi ko ba a faɗa ba, kuma zuciyarsa za ta karaya. Ki sake gwajin bayan 'yan makonni, ki matsar da duk wanda ya ci gaba. Vygotsky, masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Rasha, ya nuna cewa koyo ya fi kama jiki a kan aikin da yaro ba zai iya shi kaɗai ba amma zai iya da ɗan tallafi, kuma wannan mataki yana sauyawa da sauri.

Malamar Ilimi na Musamman:
Kafin a ce yaro ba ya ganewa, a duba idonsa da kunnensa. Wanda yake kanne ido yana kwafar allo daga littafin maƙwabcinsa sau da yawa kujerar gaba yake bukata. Sanarwar Salamanka ta 1994 kan ilimin yara masu bukata ta musamman, wadda gwamnatoci 92 suka amince da ita, ta ɗora wa makaranta alhakin daidaita kanta da yaro.

Malamar Aji Huɗu:
Na gode ƙwarai. Zan fara da gwajin karatun, yaro biyar a kowace rana, yayin da sauran suke aikin rubutu.